Masu Sa Kai da Ƙaramar Hukuma: Bayani a kan Shawarar Ruwa a Ƙasar Haɗeja

Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa kafin a kai Wudil, daga nan ya shiga Jihar Jigawa ya bi ta ƙasar Ringim da Taura da Miga da Auyo, har ya iso garin da ya ci sunansa, inda ƙasa ta shimfiɗe, gangara ta yi ƙaranci, ruwa ya rasa hanya guda da zai bi. A wannan yanki ne yake rarrabuwa tsakanin jigayi, wato tuddan yashin da jihar kanta ta samo sunanta daga gare su, ya zama rassa irin su Kogin Kafin Hausa da tsohon Kogin Haɗeja da Marma da Burum Gana, kafin abin da ya rage ya gamu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Wannan shimfiɗaɗɗiyar fadama ita ce rumbun ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, wato Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, domin daga gare ta ake samun shinkafa da alkama da tattasai, da kifin da ya yi wa kasuwar Haɗeja suna, da ciyawar da makiyaya ke gangarowa su nema idan tudu ya bushe. Ruwan da ke ciyar da wannan ƙasa shi ne kuma yake cin ta, kuma tun da yanayi ya fara sauyawa tazarar da ke tsakanin waɗannan halaye biyu nasa ta ƙara matsewa.

Abin da ake nufi da sauyin yanayi shi ne canjin da ya daɗe yana samun yanayin zafi da iska da ruwan sama na duniya, saboda hayaƙin fetur da gas da kwal da ake ƙonawa, tare da saran itatuwa, wanda ya sa zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Digiri ɗaya ba ya jin nauyi a kunne, amma iska mai ɗumi tana ɗaukar danshi fiye da mai sanyi, da kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri, don haka idan hadari ya tashi zubarwa sai ya zubar da na mako a dare ɗaya. Ƙasar da ruwanta na shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, wadda dattawanta suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, ita ce ta sha ambaliya a 2001 da 2010 da 2012 da 2018 da 2020 da 2022. A wannan ta ƙarshe an rasa rayuka fiye da 600 a Nijeriya, fiye da 100 daga cikinsu a Jigawa, kuma masanan da suka nazarci daminar sun ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa a yankin Tafkin Cadi har sau 80.

Amma kuskure ne a ɗora wa sama dukkan laifin, domin hannun ɗan Adam ya taɓa kogin nan tun kafin a fara jin kalmar sauyin yanayi a rediyo. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka kammala ta Calawa a 1992, kuma su biyun ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke biyowa ta Haɗeja. Kafin a gina su, kogi yakan cika da damina ya malala cikin fadama, sa'an nan ya ƙafe da rani har a taka yashinsa a ƙetare. Bayan an gina su sai lamarin ya juya: malalar damina ta ragu, har fadamar da ruwa ke rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 nata a shekarun 1960 ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, ga kuma ruwa kaɗan-kaɗan da ake saki domin noman rani ya hana hanyoyin ruwa bushewa duk shekara. Wannan danshi mara yankewa shi ya buɗe wa kacala ƙofa. Kacala ciyawa ce mai dogon ganye wadda ke ɗara mutum tsayi, saiwarta tana rarrafe ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsirrai, irinta kuma kamar audugar rimi yake, iska ke yawo da shi. Inda ta kafu takan rage wa ruwa gudu, ruwa ya sauke yashi da taɓon da ya ɗauko, ƙasan rafi ya taso, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Da haka wasu rassa suka toshe, ruwa ya karkata ya tattaru a Marma da Tafkin Nguru, gonakin wasu ƙauyukan Guri da Kiri Kasamma suka zama kwata ta dindindin alhali maƙwabtansu na kukan ƙishirwa, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami masaukin da suke tashi daga ciki su faɗa wa shinkafa da gero.

Idan kogin da aka ƙuntata wa hanya ya gamu da hadarin da ya ƙara nauyi, ba sai an faɗi abin da zai biyo baya ba, kuma Haɗejawa sun gan shi a watan Satumba na 2020, lokacin da ruwa ya tunkaro garin kansa. Abin da ya tsaya tsakanin ruwan da gidajen mutane jinga ce, wato tudun ƙasa da ake tayarwa a bakin ruwa domin a tare shi, kuma waɗanda suka riƙe ta masu sa kai ne. Wani yana riƙe bakin buhu, wani yana zuba yashi da shebur, a ɗaure, a miƙa daga kafaɗa zuwa kafaɗa har wurin da ruwa ke tsattsafowa, a jera buhunan kamar yadda magini ke jera tubali, kowane a kan gaɓar biyun da ke ƙarƙashinsa, a tattake. Da dare ana zagayawa da cocila ana duba bayan jingar, domin masu aikin sun san ba ruwan da ke hawa ta sama kaɗai ake tsoro ba, har da wanda ke ɓullowa ta ƙasa, musamman idan ya fito da launin laka, alamar yana kwasar cikin jingar yana tafiya da shi. Mata suna dafa abinci a aika, 'yan kasuwa suna sayen buhu, masu tifa suna kawo ƙasa. Wannan gayya ce tsantsa, irin wadda aka gina ganuwar garin da ita a zamanin da.

A nan ne kuma ake ganin giɓin da wannan takarda ta nufa. Mutanen da suka san inda jinga ta fi rauni, da kwalbatin da ya fara toshewa, da lungun da ruwa ke fara shiga, ana neman su ne idan ruwa ya iso, a matsayin hannuwa masu ɗaukar buhu. Ba a cika neman su ba a lokacin da ake zaune ana raba kuɗin aiki, a matsayin masu sani. Ƙarfinsu ake ara, iliminsu kuma a bar shi a bakin kogi. Sa kai na da fuska biyu, akwai na jiki akwai na shawara, kuma na biyun ne ƙasar Haɗeja ba ta riga ta ba shi mazauni ba.

Mazaunin da ya dace da shi shi ne kwamitin masu ba da shawara na sa kai, wanda, kamar yadda ake nufi a nan, taro ne na mazauna wuri waɗanda ba ma'aikatan hukuma ba ne, ba kuma zaɓaɓɓun 'yan siyasa ba, waɗanda ke zama lokaci-lokaci ba tare da albashi ba, su duba al'amari guda, su rubuta abin da suka ga ya dace, su miƙa wa majalisar ƙaramar hukuma. Ba su da ikon zartarwa, ba sa riƙe kuɗi, ba sa ba da kwangila. Ƙasashen Turai sun gwada irinsa a kan batun yanayi: a Faransa an zaɓo mutum 150 ta hanyar ƙuri'a a 2019, suka fito da shawarwari 149 a 2020, kuma a Ingila ƙaramar hukumar Kamden da ke cikin Landan ta tara mazaunanta a 2019 domin su gaya mata abin da za ta yi. Darasin Faransa ya fi amfani ta wajen abin da ya biyo baya, domin da yawa daga cikin shawarwarin an rage musu ƙarfi kafin su zama doka, masu shawarar kuma suka fito fili suka nuna ɓacin ransu. Misalin da ya fi kusa da gida yana Jihar Maraɗi ta Nijar, inda tun daga 1983 manoma suka koma barin tsirran da ke fitowa daga kututture a gonakinsu suna yi musu aski maimakon sarewa, har itatuwa suka dawo a kan kadada kusan miliyan 5 a faɗin ƙasar. Abin da ya raya aikin a ƙauyuka irin su Ɗan Saga shi ne kwamitocin sa ido na mutanen gari, da mata da makiyaya a ciki, waɗanda suka kafa wa kansu ƙa'idar sara, hukuma kuma ta amince da su.

Ko a kwarin Haɗeja ma ba baƙon abu ba ne. An kafa shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru a 1987, kuma a farkon shekarun 2000 wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya riƙa tara manoma da masunta da makiyaya da sarakuna da jami'an gwamnati a zaure ɗaya, inda aka shimfiɗa taswirar kogin kowa ya nuna inda ke damun sa, aka kuma yi gayyar sare kacala a hanyoyin ruwa irin su Burum Gana. Irin wannan tuntuɓa ce ta share fagen taron Damaturu na 2006, wanda ya haifar da asusun kula da kogunan da jihohin Bauci, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka yi tarayya a kai. Sai dai zaman da kuɗin baƙo ya tara, yakan watse ranar da baƙon ya naɗe tabarmarsa. Abin da ya rage shi ne a dasa irin wannan zama a jikin hukumar da ba ta tashi, kuma babu wadda ta fi ƙaramar hukuma kusa.

Tsarin Mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara, da sa hannu a bunƙasa noma da albarkatun ƙasa. Tsarin kula da bala'o'i na ƙasa kuma ya tanadi kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma, ƙarƙashin hukumar jiha ta SEMA da ta tarayya ta NEMA. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta gamu da jan ƙafa. Waɗannan ayyuka ƙanana ne a ido, amma da yawa daga cikin gidajen ƙasa da ke rushewa da damina ba kogi ne ke rushe su ba, ruwan sama ne da ya sauka ya tarar an cike kududdufin da ya saba kwanciya an yi gini a kai, lambatu kuma ya cika da leda, sai ya kwanta a gindin katanga har ta jiƙe ta zauna. Wannan ambaliya ta cikin gari maganinta yana hannun ciyaman da kansiloli, kuma babu injiniyan da zai zo daga Dutse ya san ta kamar mai unguwa da matan gidan da ke kwarfe ruwa daga ɗaki da tsakar dare.

Wanda ya kamata ya zauna a irin wannan kwamiti shi ne wanda ruwa ya shafi abincinsa. Sarkin ruwa da masunta sun san zurfin kowane lungu da inda yashi ya taru bana. Manomin shinkafa ya san ranar da ruwa ya shiga gonarsa bara da bara waccan. Arɗo ya san burtalin da ruwa ya yanke da mashayar da aka shuke, kuma rashin jin ta bakinsa ne ke mai da matsalar ruwa ta zama rikicin manomi da makiyayi. Mata su ne suka san rijiyar da ta gurɓace kafin amai da gudawa su ɓulla, kuma idan al'ada ta hana su yin magana a gaban dattawa, to a ba su zamansu daban, a kawo abin da suka faɗa a rubuce, kada a ce an wakilce su da mace ɗaya da aka ajiye a ƙarshen benci. A ƙara da malamin makaranta ko ɗalibin da zai riƙe rubutu, da limamin da zai isar da saƙo ranar Juma'a, da bulama ko dagaci. Ƙaramar hukumar Haɗeja tana da mazaɓu 11, irin su Matsaro da Yankoli da Dubantu da Gagulmari, kuma ya fi kyau kowace mazaɓa ta fitar da nata a bainar jama'a da a bar wa ofis ya rubuto sunaye, domin jerin da aka rubuta a ofis, a bisa abin da aka saba gani, jerin 'yan jam'iyya ne.

Lokacin zama ya fi yawan zama muhimmanci, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan kogi yakan kai ƙololuwarsa a Haɗeja tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba, don haka zaman da ya fi kowane daraja shi ne na Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da zanen ruwa yake nan a jikin katanga, ana iya auna shi da ƙafa a rubuta, kuma sa'ad da ake shirya kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Shawarar da ta iso bayan an rufe kasafi ta zama hira. Zama na biyu yana zuwa ne bayan hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA kuma ta bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Aikin kwamiti a nan shi ne ya juya hasashen zuwa maganar da manomi zai yi aiki da ita, wato wane iri za a shuka, a wace gona, da kuma inda za a kai mutane da dabbobi da hatsi idan ta ɓaci. Yasar magudanai da ɗaga jinga da saran kacala aikin rani ne, kuma masu yin sa sun san cewa kacalar da aka yanke a ƙarƙashin ruwa, ruwa ya rufe kututturenta, ta fi saurin mutuwa a kan wadda aka sare a sama ko aka banka wa wuta. Da damina kuwa abin da ake bukata shi ne ido da waya: alamar awo a jikin ƙafar gada, mutum guda mai karanta ta safe da yamma, da lambar wani a Wudil ko Ringim, domin ruwan da ya wuce can yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso, kuma waɗannan kwanaki su ne dukkan jarin mai kwashe kaya.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da kwamitin gari ɗaya ba zai so ji ba, ita ce jinga ba ta kashe ruwa, tura shi take yi. Duk buhun da aka jera a wannan gaɓa nauyi ne aka ƙara wa waccan, kuma hanyar da aka yashe a sama tana gaggauta ruwa ne zuwa ga na ƙasa. Haka manomin da ya fasa gaɓar kogi domin ya shayar da gonarsa da rani, ko masuncin da ya gitta shingen kamun kifi a tsakiyar rafi, kowanensu yana da hujjarsa, amma wani ne ke biyan kuɗinta. Saboda haka shawarar Auyo ba ta cika sai an ji ta Haɗeja, ta Haɗeja kuma sai an ji ta Kiri Kasamma da Guri, kuma majalisar masarauta, wadda inuwarta ta rufe ƙananan hukumomin takwas, ita ce zauren da ya fi dacewa wakilan kwamitocin su haɗu aƙalla sau ɗaya a shekara. Ta wannan hanya ce kuma kaɗai muryarsu za ta kai inda ƙaramar hukuma ba ta da iko, wato Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, wadda madatsun ke hannunta. A 2010 an yi ta musayar zargi tsakanin jami'an jiha da wannan hukuma a kan ko sakin ruwa ne ya jawo ambaliya, kuma har yau da zarar ruwa ya ƙaru sai a ji ana cewa “an saki dam”, alhali madatsar da ta cika takan tumbatsa da kanta ba tare da kowa ya buɗe komai ba. Kwamitin da ke karɓar sanarwa kai tsaye daga masu kula da madatsun zai rage wannan jita-jita, ya kuma sami bakin tambaya idan sanarwar ta makara.

Abubuwa biyu ke kashe irin wannan kwamiti. Na farko alawus: da zarar zama ya zama hanyar samu, sai masu sani su koma gefe masu uwa a gindin murhu su cika kujeru, don haka kuɗin mota da na waya ya wadatar. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne shiru. Mutumin da ya bar gonarsa ya zo ya faɗi abin da ya sani, aka yi masa godiya aka ɗauki hoto, shekara ta zagayo bai ji komai ba, ba zai dawo ba, kuma ba a yi masa adalci ba idan aka kira shi mara kishi. Ba dole ne majalisa ta karɓi kowace shawara ba, domin ita ce ke da alhakin kuɗin jama'a, kuma wani lokaci masu shawara kan yi kuskure ko su ja ruwa zuwa gonarsu. Abin da ya zama dole shi ne amsa a rubuce: wannan an karɓa, ga ranar farawa, wannan an ƙi, ga dalili, wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, an tura shi Dutse ranar kaza. A manna takardar a allon sakatariya da ƙofar hakimi, a karanta ta a rediyo. Gwamnatin jiha ta sayo injunan yashe kogi masu aiki a kan ruwa, ga kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, amma inji ba ya sanin inda ya kamata ya fara sai an nuna masa.

Kafa wannan kwamiti ba ya jiran sabuwar doka daga Abuja, ƙudurin majalisar ƙaramar hukuma ya isa. Kira a nan yana kan shugabannin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja da kansilolinsu, da hakimai da ƙungiyoyin matasan da suka riga suka san nauyin buhun yashi, da su kira zaman farko a watan Oktoba mai zuwa, tun zanen ruwa bai goge daga jikin katanga ba, kuma tun ba a rufe kasafi ba.